Daso a Garwa: Matar da Ta Zaunar da Kishiyoyi a Tabarma Ɗaya

Ranar Talata 9 ga Afrilu, 2024, jajibirin ƙaramar sallah, ina gidan rediyon da nake aiki a nan Garwa ina haɗa shirin gaishe-gaishen barka da shan ruwa, sai mai kula da na'urorinmu ya ƙwanƙwasa gilashi ya ɗago mini wayarsa. Hoton Saratu Giɗaɗo ne, wadda duniya ta sani da Daso, da kalmar innalillahi a ƙarƙashinsa. Ban yarda ba da farko, don an sha kashe 'yan fim a intanet suna raye. Sai da na ga Sashen Hausa na BBC ya tabbatar sannan na ajiye takardun gaisuwar. Labarin da iyalinta suka bayar gajere ne: ta yi sahur, ta koma ta kwanta, ba ta farka ba. Shekarunta 56. A ranar aka yi mata sutura a Kano.

Da na sanar a iska na buɗe layin waya, ban ƙara karanta gaisuwa ko ɗaya ba har lokacin shirin ya ƙare. Mafi yawan masu kiran mata ne, kuma da yawansu da Fillanci suka yi magana. Wata tsohuwa daga Pitowa ta ce ita Hausarta ba ta wuce ta cinikin kasuwa ba, amma ba ta taɓa kallon Daso ta kasa gane abin da take nufi ba. Wani dattijo kuwa, bayan ya yi mata addu'a, sai ya ƙara da cewa Allah ya yafe mata irin muguntar da ta riƙa yi wa 'ya'yan mutane. Na ce masa, "Baba, ai wasan kwaikwayo ne." Ya ce ya sani, amma dai a roƙa mata. Kiraye-kirayen nan biyu su suka sa na zauna rubuta wannan, don kowannensu ya riƙe rabin labarin matar.

An haife ta ranar 17 ga Janairu, 1968, kuma a Kano ta yi rayuwarta da sana'arta. Ta fara fitowa a fim a shekarar 2000, cikin Linzami da Wuta na kamfanin Sarauniya, daga nan sai irin su Nagari da Gidauniya da Mashi da Sansani, sai kuma wasu masu ɗimbin yawa da suka biyo baya. A lura da shekarun nan biyu, 1968 da 2000. Ta shigo harkar tana da shekara 32, a lokacin da kasuwa ke neman 'yan mata masu shekara goma sha takwas da za su yi rawa da waƙa a cikin lambu. Shekara guda kafin nan, a 1999, wannan kamfani na Sarauniya ya fitar da Sangaya, fim ɗin da ya ɗaga Ali Nuhu da Fati Muhammad, ya kuma nuna wa kowa cewa soyayya da waƙa su ne kuɗi. Wadda ta shigo a shekarun Daso ta riga ta makara ga wannan layi. Abin da ya rage mata shi ne gefe: uwar miji, kishiya, matar uba, ƙawar uwa mai zuga, dillaliya mai kai gulma gida-gida. A wannan gefen ta kafa rumfarta, ta zauna shekara 24.

Kafin in shiga yadda take wasa, bari in faɗa wa mai karatu na Kano ko Katsina yadda ta iso mana, don hanyar tana da nata tarihin. Talabijin na gwamnatin Kamaru ya fara aiki a 1985, kuma da Faransanci da Turanci yake magana. Hausa da Fillanci a rediyo muke jin su. Tsofaffin masu saurare a Najeriya ba su manta Rediyo Garwa da zaɓen waƙoƙinta ba, mu kuma a nan iyayenmu da Rediyo Kaduna da BBC suke kwana suke tashi. Wato kunnenmu ya daɗe da sabawa da Hausar Kano, idonmu ne bai taɓa ganinta tana motsi ba. Silimar Ribadu da manyanmu ke ba mu labari finafinan Indiya da na faɗa ta fi nunawa, kuma ba wurin matan aure ba ne. Ta rufe kamar yadda sauran suka rufe, har a farkon 2009 aka wayi gari babu gidan silima ko ɗaya da ke aiki a Kamaru gaba ɗaya.

A can Kano kuwa, tun 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a kaset ɗin bidiyo, kuma cikin shekara goma abin ya zama kasuwa. Kaset yakan tashi daga Ƙofar Wambai ya sauka Jimeta ko Mubi, daga can ya shigo mana a bayan babur ta hanyar Gashiga, cikin kayan 'yan kasuwa, tsakanin atamfa da takalman roba. In damina ta yi Binuwai ya cika, wani ta ruwa yake zuwa daga Yola. Kafin ya iso babbar kasuwar Garwa an riga an kwafe shi sau biyu ko uku, hoton ya dushe, launin ya koma ruwan toka-toka, muryar tana shaƙewa. Daga nan kuma ya wuce Gidar da Marwa da Ngaundare. Samari suna biyan dala biyar su shiga rumfar kallo ta zana da buhu. Mata kuwa gida ake kawo musu haya, a haɗu a gidan da ke da bidiyo bayan isha'i.

Wannan dushewar hoto da muryar tana da muhimmanci ga abin da nake son faɗa. Jarumar da ƙarfinta ke cikin kyan fuska ko taushin murya, rabin kayanta a hanya yake zubewa kafin ya iso Garwa. Na Daso ba ya zubewa. Ko kaset ya ci duniya, za ka ga yadda ta turo ɗaurin ɗankwali gaban goshi, ta riƙe ƙugu, ta karkace baki, ta kalli mutum tun daga ƙafa har kai sannan ta ja tsaki. Za ka ga tafa hannun nan da juya ido, da yadda take shigowa ɗaki da sallama mai zaƙi alhali fuskarta ta riga ta gaya maka abin da ta zo yi. Ga Bafulatana ko Bafaliya da ba ta jin Hausa sosai, wannan ya ishe ta fassara. Ta san matar nan. Akwai irinta a gidansu, ko a maƙwabta, ko ita ce da kanta ranar da ranta ya ɓaci.

A Hausare na tashi, a gida mai mata biyu. Mahaifiyata ce uwargida. Ba zan ce suna faɗa da abokiyar zamanta ba, amma zama ne irin wanda kowa ya san iyakarsa: gaisuwar safe, maganar girki, shi ke nan. Mu yara mun iya karanta shirun gidanmu kamar yadda manomi ke karanta hadari. Bidiyon gidan ɗaya ne, kuma a tsakar gida ake fito da shi, saboda haka dole tabarma ɗaya ake shimfiɗawa. Ina 'yar shekara goma sha ɗaya ko sha biyu na fara lura da wani abu. In ana nuna soyayya, kowace a cikinsu fuskarta a ɗaure take, kamar ba ta gani. Amma da Daso ta fito tana ƙulla wa kishiya sharri, tana rantsuwa tana kuka ba hawaye, sai ka ji ɗaya ta fashe da dariya, ɗayar ta biyo ta. Wani dare wuta ta ɗauke ana tsakiyar irin wannan wuri, muna zaune cikin duhu, sai na ji abokiyar zaman mahaifiyata ta ce, "Yaya, Allah ya raba mu da irin wannan." Mahaifiyata ta ce amin, suka sake yin dariya. Ban taɓa jin sun ambaci kishi a gaban juna ba sai ranar, kuma ta bakin wata mata da ke Kano suka ambace shi.

Abin da na ɗauka shi ne aikin Daso na gaskiya ke nan. Mugayen mata a fim ɗin Hausa suna da yawa, kuma mafi yawansu tsoro ko haushi kawai suke ba mai kallo. Ita kuwa takan ƙara wa muguntar gishiri har ta wuce misali kaɗan, daidai inda za ta koma abin dariya ba tare da ta daina zama mugunta ba. In ta yi ƙasa da haka, ta zama abin ƙi kawai. In ta zarce, ta zama wawa, ba mai jin zafin abin da ta yi. Tsayawa a wannan siririn wuri shi ne gwanintar, kuma duk wanda ya taɓa riƙe makirfo ya yi ƙoƙarin ba mutane dariya ya san wuyarsa. Ni da na yi difloma a aikin jarida, an koya mini yadda ake rubuta labari da yadda ake yin hira, amma ba wanda ya koya mini daƙiƙa nawa ake yin shiru kafin a saki magana. Wurin Daso na ga ana yi. Takan bar abokin wasanta ya gama, ta yi shiru tana kallonsa, sai mai kallo ya fara dariya tun ba ta buɗe baki ba.

Ba daga sama ta samo wannan ba. Matan Hausa suna da nasu gidan wasan tun kafin kyamara, sai dai maza ba sa shiga. Duk wadda ta taɓa zama a gidan biki bayan an sallami maza ta ga yadda wata za ta tashi ta ɗaura zane a ƙirji ta kwaikwayi uwar miji, ko tafiyar amarya, ko yadda maigida ke rarraba ido ranar da ya yi laifi. Akwai habaici, akwai zambo, akwai wasan jika da kaka da na taubasai. Akwai kiɗan ƙwarya na amada, inda irin su Barmani Choge, wadda ta rasu a 2013, suka shekara suna faɗa wa mata abin da ba a faɗa a zaure. Abin da Daso ta yi shi ne ta ɗauko wannan wasa na cikin gida ta kawo shi gaban kyamara bai lalace ba. Shi ya sa mata suka gane ta nan take, maza kuwa da yawa suka ɗauka halinta ne.

In ana tarihin barkwanci a fim ɗin Hausa, sunayen maza ake jerowa. A zamanin talabijin a ce Samanja da Ƙarƙuzu da Ƙasimu Yero, a zamanin bidiyo a ce Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu a Disambar 2014, da tawagarsa. Ba na musun ko ɗaya. A Garwa ma Ibro sarki ne, har yau akwai masu babur da ake kira da sunansa. Amma shi Ibro an gina masa finafinai a kansa, sunansa ne a jikin kwali, an san dariya aka zo saye. Daso a cikin fim ɗin wasu take ba da tata dariyar, a fitowa huɗu ko biyar, tsakanin waƙa da waƙa. Sau da yawa in an gama kallo ba a tuna sunan jarumar, amma ana tuna abin da Daso ta yi, gobe a ji yara suna kwaikwayonsa a bakin famfo. Wanda ke aiki a wannan matsayi ba a cika rubuta shi a tarihi ba, kuma ba a cika biyansa da kyau ba. A 2022 Ladin Cima, wadda tsofaffin masu kallon talabijin suka sani da Tambaya, ta faɗa wa BBC cewa akan sallame ta da 'yan dubban nairori bayan aiki. Wasu masu shirya fim sun musanta, aka yi ta cacar baki. Ko ma wa ke da gaskiya a lissafin, maganar ta buɗe wa mutane ido a kan yadda iyayen fim mata ke rayuwa.

Sai dai gefen nan yana da wata riba da tsakiya ba ta da ita, wato daɗewa. Al'adar masana'antar ita ce jaruma ta yi tashe shekara uku ko biyar, ta yi aure, ta bar fim. Fati Muhammad ta yi aure ta tafi ba da jimawa ba bayan Sangaya. Mansura Isah ta auri Sani Danja a 2007 ta daina fitowa. Hauwa Ali Dodo, wadda ake kira Biba Problem, ita mutuwa ce ta ɗauke ta a hatsarin mota ranar 1 ga Janairu, 2010. Daso ta ga zuwan waɗannan da tafiyarsu, ta fito a matsayin uwa ko surukar 'yan matan da aka haifa bayan ta fara fim, kuma da aurenta take sana'arta har ta koma ga Allah. Ta kuma tsallake duk guguwar da ta taso wa harkar. A ƙarshen shekarar 2000, shekarar da ta fara, gwamnatin Kano ta dakatar da shirya fim bayan ƙaddamar da shari'a, aka kafa Hukumar Tace Finafinai a 2001. A 2007 aka sake dakatarwa na watanni, Abubakar Rabo Abdulkarim ya karɓi hukumar, 'yan fim da yawa suka koma Kaduna da Jos, Ibro kansa ya shiga gidan yari a 2008. Kaset ya mutu faifai ya gaje shi, faifai ya mutu, tashar Arewa24 ta buɗe a 2014, sannan YouTube ya kwashe kasuwar. A kowane zango akwai gidan da ke buƙatar muguwar suruka, kuma an san ƙofar da za a ƙwanƙwasa.

Akwai wata magana da ba zan tsallake ba don ina ƙaunarta. Wata malamata takan ce finafinan nan sun cuci mata, sun koya wa duniya cewa matar Bahaushe ba ta da aiki sai makirci da bin boka, kuma fuskar Daso ce tambarin wannan hoto. Akwai gaskiya a ciki. Na sha jin samari a nan Garwa, waɗanda ba su taɓa taka Kano ba, suna cewa ba za su auri Bakanuwa ba, hujjarsu fim. Kuma marubutan labarin, waɗanda galibinsu maza ne, ba su cika tambayar abin da ya mayar da matar haka ba: mijin da ya ƙi adalci, ko tsoron a wayi gari an kore ta da 'ya'ya shida. Sukan kawo ta a muguwa tun daga farko, su hukunta ta a ƙarshe, a tashi. Amma laifin mai rubutu ne wannan. Abin da ita ta ƙara a kan takardar da aka ba ta shi ne ya ceci matar daga zama dodo. Wanda ka yi wa dariya ka riga ka rage jin tsoronsa, kuma ka yarda mutum ne irinka. Da wata ce ta hau waɗannan matsayi ba tare da barkwancin ba, da hoton ya fi haka muni nesa ba kusa ba.

Wani abin da ya ba mutane mamaki shi ne lokacin da Sarkin Kano Muhammadu Sanusi II, a zamanin sarautarsa ta farko tsakanin 2014 da 2020, ya ba ta matsayin jakadiya. Mu da muka tashi kusa da fadar Lamiɗo mun san ba kowace mace ake ba irin wannan aiki ba. Jakadiya ita ce ke shiga inda maza ba sa shiga, ta kai saƙo tsakanin sarki da cikin gida, ta san abin da za ta faɗa da wanda za ta haɗiye. Ana so ta kasance mai baki, mai fara'a, wadda za ta iya faɗar magana mai nauyi cikin wasa. Matar da jama'a suka shekara suna kallo a matsayin mai raba gida, ita fada ta ga ta dace da riƙon amana. Dattijon da ya kira ni a rediyo bai san wannan ba. Da na faɗa masa, sai ya ce to lallai sarki ya fi shi sani.

A shekarunta na ƙarshe ta koma waya. Tana sakin gajerun bidiyo a Instagram da TikTok, tana raha, tana wasa da 'yan fim sa'o'in 'ya'yanta. Yaran gidanmu da ba su taɓa ganin kaset ba ta nan suka san ta, kuma su a wurinsu ba muguwa ba ce sam, wata uwa ce mai ban dariya. Na daɗe ina jin wani iri game da wannan, kamar an ba su ɓawon an hana su ƙwayar. Daga baya na ga cewa su ne suka fi mu ganin matar kanta, ba rigar da aka sa mata ba.

Bayan sallah na so in haɗa shiri na musamman a kanta, da muryarta daga tsofaffin finafinan. Na zaga babbar kasuwa wurin da masu kaset suke a da. Rumfunan sun koma na sayar da waya da tura waƙoƙi a katin waya. Wani da ya yi shekaru yana ba da haya ya ce mini buhu uku ya zubar da kansa bayan ruwa ya shiga shagonsa, ragowar kuma zafin Garwa ya narkar da su. Wasu finafinan suna YouTube, an yanka su gunduwa-gunduwa, babu shekara, babu sunayen waɗanda suka yi aikin. A ƙarshe a gidanmu na samu, cikin tsohuwar akwatin ƙarfe ta mahaifiyata, kaset biyu da kwalinsu ya goge. Na'urar da za ta kunna su ce babu, har gidan rediyon namu.

Mahaifinmu ya rasu shekaru shida da suka wuce, amma matan biyu suna nan a gidan, ba wadda ta tafi. Da na fito da kasetin ina kaɗe musu ƙura, abokiyar zaman mahaifiyata ta karɓi ɗaya ta juya shi, ta ce wannan ne wanda wuta ta ɗauke ana tsakiyarsa. Mahaifiyata ta ce a'a, ɗayan ne. Suka yi ta musu a kai har aka kira la'asar, ni kuma na mayar da su cikin akwatin na tafi wurin aiki.